Dokar Buɗe Shafi

Akwai wata Asabar a cikin damina da nake jin ko na tsufa na manta sunayen 'yan ajinmu, ita ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na ga mutum ya ɗauki littafi ya buɗe shi a tsakiya, sai ranar ta faɗo mini a rai.

A lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, na dawo gida Tudun Wada ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Muna da 'yar ƙungiyar karatu, mu tara, muna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata bayan azahar a wani aji da ake ara mana. Wanda ya kafa ta wani dattijo ne, tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya koma gidansa a Dangora. Baba Hedimasta muke ce masa. Ni kuwa aka ba ni sakatare, ina jin don an ga ba na rabuwa da biro ne.

Tsarinmu shi ne kwafi ɗaya ake samowa, ya zagaya kowa. Mutum ya riƙe kwana uku ko huɗu, ya naɗe shi a leda, ya ba direban motar kasuwa ya kai wa na gaba. Ni ke riƙe da jadawalin, kuma na ɗauki abin da zafi fiye da yadda ya kamata. In littafi ya kwana ɗaya fiye da ƙa'ida, sai in kasa cin abinci da daɗi.

Wata rana, ban san abin da ya kai ni ba, na buga takardar tambayoyi na raba: wane irin littafi ka fi so, yaushe kake karatu, a ina. Da suka dawo na karanta amsoshin a gaban kowa. Malamar asibitinmu ta ce ita soyayya, kuma a waya ta fi karantawa, in layin masu awo ya tsagaita. Wani mai maganin dabbobi da ke zuwa daga Doguwa ya ce labaran bincike, yana karantawa a ruga kafin a kamo masa shanu, kuma bai ɓoye ba, daga shafin ƙarshe yake farawa, wai ba ya son a wahalar da shi. Telan cikinmu ya ce in babu takobi da aljani a littafi, to ba da shi ake ba. Malamin Islamiyya ya ce tarihin magabata, bayan asuba. Ni ma na karanta tawa: tarihi da siyasa. Wannan ba gaskiya ba ce, amma zan dawo kanta.

Takardar Baba ce ta ɗaure mini kai. Mutumin da muka sani da tarihi, wanda in littafi ya biyo ta hannunsa sai ka ga gefen shafuka cike da rubutun fensir, yana gyara wa marubuci sunan gari, shi ne aka rubuta masa soyayya. Rubutun ma ba nasa ba ne. Da na karanta aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce tsufa ne, zuciya ta yi laushi. Na tuna kuma watanni ke nan ban ga fensirinsa a littafi ba, kuma duk lokacin zaɓen littafin da za a karanta, da malamar asibiti yake ɗaga hannu. Na ga duk wannan, amma abin da na fahimta kawai shi ne an fara wasa da ƙungiya. Ga mai fara littafi daga ƙarshe, ga dattijo yana sa a cika masa takarda.

Don haka na kawo doka. Na ce daga wata mai zuwa, za a buɗe littafi a duk shafin da hannu ya faɗa, mutum ya karanta a bayyane, sannan ya faɗi abin da ya gabaci wurin. Na yi ta cewa ba wani nake zargi ba, shawara ce kawai, in ba a so a bari. Tela ya ce ai wannan ita ce maganin mutumin Doguwa. Aka amince. Aka ce babba shi zai fara, kamar yadda muka saba a komai. Baba ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "To, Sakatare. Yadda kuka gani."

Littafin watan na soyayya ne, kuma Baba ne na ƙarshe a jadawali kafin ya dawo hannuna in shirya tambayoyi. Kwana huɗu suka wuce, biyar, bakwai, shiru. Na kira, ya ce in ƙara masa haƙuri. Ranar Laraba na kasa zama. Ana tashi daga makaranta na hau babur na kama hanyar Dangora, ga hadari ya haɗo, masara ta tsaya kore a hagu da dama. Duk hanya ina shirya yadda zan karɓi littafin ba tare da na yi wa dattijo rashin kunya ba.

Yayyafi ya fara lokacin da na isa. Na shiga zaure na yi sallama, amma ƙarar ruwa a kan kwano ta danne muryata. Ina shirin sake yi sai na jiyo muryar mace daga rumfar tsakar gida tana karatu da ƙarfi. Na gane littafinmu ne. Ta karanta layi biyu ta tsaya, sai na ji muryar Baba yana maimaita su kalma bayan kalma, kamar mai biya allo. Ya yi tuntuɓe, ta gyara masa, ya sake.

"Koma baya, Hajiya. Daga inda ta ajiye tulun."

"Malam, littafin nan fa ya fi shafi ɗari. Kwana tara ke nan ko gona ba ka leƙa ba. Wa ya taɓa haddace labarin soyayya?"

"Yaron nan cewa ya yi duk inda hannu ya faɗa. Koma baya."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na dai san na fita da sanɗa, na tura babur har bakin layi, na tayar da shi, na dawo ina ƙara masa wuta don a ji zuwana. Baba ya fito muka gaisa, na durƙusa, ya tambayi mutanen gida da makaranta. Sai a ranar na lura ba fuskata yake kallo ba, gefen kafaɗata yake kallo. Ya ce in bar masa littafin, zai zo da shi da kansa ranar Asabar. Na ce ba komai, ai dama wucewa na zo yi.

Da ya koma ciki, ina goge sirdin babur, sai ga Hajiya, matarsa, da kwanon fura. Dattijuwa ce, ta haife ni da nisa. Ta ce in sha, sannan ta ce ta hango ƙafafuna ta ƙasan labule tun ɗazu. Ta gaya mini yanar ido ce ta rufe masa gani tun bara. Yana ganin mutum kamar inuwa, yana gane hanya, amma rubutu ya tafi. Ko 'ya'yansa na birni bai bari an gaya wa ba. Ta ce duk wata, tun ana saura kwana biyu yake sa a goge masa riga saboda Asabar ɗinmu, kuma ya ce ranar da aka fara kama masa hannu ana tausaya masa a wurin, ya bar zuwa ke nan. Ita ke karanta masa, amma ta kafa masa sharaɗi: tarihin nan nasa barci yake sa ta, sai dai abin da ita ma za ta ji daɗinsa.

"Ɗana, ban ce ka yi komai ba," in ji ta. "Amma in ka faɗa wa wani, ban yafe ba."

Kwana ukun da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. A aji na rubuta darasin 'yan aji biyu a allon 'yan aji uku. Na rubuta saƙon janye dokar ya fi sau goma ina gogewa, don na san tela zai tambayi dalili, ni kuma ban iya ƙarya mai tsawo ba. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, sai na ga ko ba ni za a yi taron. Na yi tunanin in nemi a fara da ni, sai na ga layi zai zo kansa dai. Daga ƙarshe na kira Hajiya na ce ta zaɓi shafin da ya fi zauna masa, ta karya tsinken tsintsiya ta cusa can cikin ɗinkin littafin a wurin, ni zan buɗe. Ta ce za ta sa, amma ba za ta gaya masa ba, don ta san halinsa. Ni da na kawo doka don hana maguɗi, ni ne na farkon shirya shi.

Ranar Asabar na riga kowa zuwa. Na share ajin da aka riga aka share, na jera benci, na sake jerawa. Baba ya iso da farar riga, littafin a leda. Aka buɗe da addu'a, aka gaisa. Na miƙa hannu zan karɓa, sai mutumin Doguwa ya riga ni. Ya ce tunda dominsa aka yi dokar, shi zai buɗe wa kowa, kada Sakatare ya yi son kai. Ya kama littafin ta baya ya girgiza, wai yana kakkaɓe aljanun tela. Ina kallo tsinken ya faɗo kusa da takalminsa. Ba wanda ya kula sai ni.

Ya buɗe can wajen ƙarshe, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Na buɗe baki na fara cewa wataƙila dai, in ba damuwa, ko za mu ɗan sake duba dokar, amma muryata ba ta kai benci na biyu ba. Baba ya riƙe littafin, ya shafa shafin da tafin hannu. Sai ya mayar wa mutumin Doguwa, ya ce ya ja masa layin farko. Shi kuwa ya ɗauka wasa ne, ya karanta.

Baba ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya ci gaba da ka. Layi ɗaya, biyu, har wajen biyar, mai littafin yana bi da yatsa, bakinsa a buɗe. Sai Baba ya tsaya. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Nan na tsaya," ya ce. "Kwanakin sun yi mini kaɗan. Jama'a, idona ya tafi tun bara. Hajiya ce ke karanta mini. Na so in ɓoye, amma na gaji, ita ma ta gaji."

Ni dai ƙasa nake kallo, wajen tsinken. Malamar asibiti ce ta cece mu. Ta ce, "Ashe duk ƙuri'un nan da nake samu na Hajiya ne. Baba, ni da nake cewa na jawo ka cikinmu." Dariya ta ɓarke, har da shi, har yana share ido da bakin hula. Ba ta bari dariyar ta huce ba ta hau shi da faɗa irin na 'ya da uba, ta ce yanar ido ai ana cire ta, me ya sa zai zauna da ita shekara guda, kuma ita za ta raka shi a duba.

Na miƙe na ce na janye dokar, kuma ina neman afuwa. Baba ya ce ba a janye ba, doka ce mai kyau, ko don mutumin Doguwa. Sai ya juyo wajen da muryata take.

"Sakatare, shekara guda ke nan ban ji tarihi ba, sai wance ta kalli wane. Na ji kai ka rubuta tarihi a takardarka. Kana da abin yi ran Alhamis?"

A nan ne na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce ban taɓa kai littafin tarihi ƙarshe ba. Na rubuta ne don ina ganin shi ya dace da mai digiri. Abin da nake karantawa da gaske irin na Hajiya ne, ina sa masa bangon jarida. Tela ya kusa faɗowa daga benci. Baba ya bari suka gama, sannan ya ce, "To yanzu za ka kai ƙarshe."

Haka na koma zuwa Dangora duk Alhamis bayan la'asar. Ina karantawa, yana tsayar da ni yana cewa in ɗauki fensir in gyara wa marubuci, Hajiya kuma tana jira mu gama ta ara mini nata. Daga baya an yi masa aikin ido ɗaya, ya ɗan dawo gani, amma bai ce in daina zuwa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba zan ce na daina son tsari ba, har yanzu ni ke riƙe da jadawali. Abin da dai nake jin na koya shi ne, in na ga mutum ya sauya hali, in hau babur in je in gaishe shi kafin in zauna rubuta doka. Duk alamun suna gabana, rubutun da ba nasa ba, fensirin da ya ɓace, amma na zaɓi in kama mai laifi maimakon in tambayi lafiya. Tsinken nan na ɗauke shi da aka watse. Shi nake sawa a littafi har yau, a inda na tsaya.