Dala Mai Kan Barewa Biyu

Jama'a, yau na baro haƙorina kasuwar Tawa!

Kun san na fara tara kuɗin ƙarfe masu wuyar samu. Ina sayen nama, wani makiyayi ya miƙa wa Illo mahauci dala guda ta sefa. Kan barewa biyu gare ta maimakon ɗaya! Kuskuren maƙera ne, samun irinta sai an tona.

Na ce, "Illo, wagga ba daidai aka buga ta ba!"

Ya ce, "Jabu ke nan?" Ya shaƙe makiyayi. Makiyayi ya ɗaga sanda. Na shiga tsakani, ta sauka bakina!

Ina tofar da jini ina ihu, "Ta ƙwarai ce!" Ina! Illo ya kafe dalar da ƙusa bisa tebur, yadda ake wa jabu.

Ya juyo ya ce, "Malam, na gode da ka tona shi."