Rakiyar Auta Gwajin Murya a Kaduna

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da ƙanena, autan Innarmu, muka nufi tashar Malumfashi. Shi aka kira Kaduna. Wani gidan rediyo ne ke neman masu karanta labarai da Turanci, sunansa kuma ya fito cikin waɗanda za a gwada wa murya. Ni 'yar rakiya ce kawai. Inna ce ta sa na karɓi hutu a asibitin da nake aiki, wai in bi shi don ya riƙa cin abinci, amma na san abin da ke ranta. Tun da yaron nan ya gama makarantar horon malamai yake koyarwa a firamaren ƙauye, albashi sai an ga dama, kuma ya ɗora duk burinsa a kan wannan aiki. In bai samu ba, tana son a ce akwai mai lallaso mata shi gida.

Sai na faɗa muku halin da muke ciki da Auta kafin ku gane tafiyar. Ya daɗe yana manne da tashar London, mai labarai na faɗa yana maimaitawa, har da fensir yake sawa a baki wai don harshe ya lanƙwasu. Turancinsa ya koma ta hanci, rabin kowace kalma ya haɗiye. Abin har ya taɓa Hausarsa. Inna, wadda ko kalma ɗaya ba ta ji da Turanci, ta taɓa ce mini, "Ni fa wanga yaro in ya yi sallama daga zaure, sai in ɗauka baƙo muka yi." Dariya muka yi a lokacin, amma na ga abin yana damunta.

Fijo muka samu, kuɗin mota ya hau kamar yadda komai ya hau bana, kuma duk da haka aka matse mu kamar kifin gwangwani. Auta ya ci kwat da taye tun daga gida, kafin mu kai Funtuwa ya jiƙe da gumi. Damina ta yi kyau, dawa da masara sun rufe gonaki dama da hagu, a Giwa mata suka cika tagogin mota da dafaffiyar gyaɗa. A Kwangila ta Zariya direba ya tsaya muka karya da waina da miyar taushe. Daga nan hanya ta zama aiki, domin ana gyaran titin Kaduna, a hau kwalta a sauka kan jar ƙasa, manyan motoci na watsa mana taɓo.

Kusa da mu akwai wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Ganin kwat ya sa ya ja Auta da hira da Turanci. Auta ya gyara zama ya sake masa na London. Mutumin ya saurara da kyau, sannan ya laluba aljihu ya miƙo ɗan kwalin man zafi, ya ce da Hausa malam ya shafa a hanci, murar damina ba ta da kyau. Na kusa shaƙewa da gyaɗa. Auta ya karɓa ya yi godiya, ya raɗa mini cewa wanda ya saba da Turancin buroka ba zai gane Turancin gaske ba.

Da azahar muka sauka a Kawo. 'Yan kamasho na ta kiran Kasuwa da Mando, masu rake da gasasshiyar masara sun tare ko'ina, jirgin sojan sama ya wuce ƙasa-ƙasa ba wanda ya ɗaga kai sai mu baƙi. Muka taka zuwa Hayin Banki, gidan kawunmu da ke aiki a wata ma'aikata a Doka. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Matar Kawu ta tarbe mu da tuwon shinkafa, ta dubi Auta ta tambaya ko daga filin jirgi muke.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka taru, ni ina jiyo su ta taga. Akwai tela Bayarabe, da wani malamin makaranta mutumin Ghana, da wani soja ɗan kudancin Kaduna da ke aiki a Mando. Da suka ji abin da ya kawo Auta sai gardama ta tashi a kan wa ya fi iya Turanci. Kawu ya dage cewa na 'yan Arewa ya fi kusa da na Sarauniya, tunda Turawa ne da kansu suka koyar da iyayenmu. Mutumin Ghana ya ce ai ko Turawan in suna son jin na asali Ghana suke zuwa. Tela ya kwaikwayi na Kawu, Kawu ya kwaikwayi na tela, soja ya kwaikwayi su duka, suna ta ƙyaƙyata dariya. Abin da na lura shi ne, duk wannan zolaya da Turanci ake yin ta, kuma ba wanda ya ce a maimaita masa. Auta dai yana gefe yana murmushin wanda ya san ya fi kowa.

Washegari Kawu ya sa mu a bas zuwa Doka. Unguwa ce ta ofisoshi, tituna masu faɗi, manyan itatuwa sun yi musu rumfa, ma'aikata na sauri da fayil a hammata. A gidan rediyon aka zaunar da mu 'yan rakiya a baranda, masu gwaji kuma aka jera su a benci. Na kasa kunne na ji abin mamaki. Wannan na London yake yi, wancan na Amurka irin na finafinan kaboyi, wata budurwa kuma ban ma san ƙasar da ta nufa ba. Kowa ya bar muryarsa a gida.

Alƙalin gwajin wani dattijo ne mai furfura, cikin farin kaftani, ya gaishe mu da Zazzaganci ɗaya bayan ɗaya. Wani ma'aikaci ya gaya mini ya shekara da shekaru yana aiki a London. Ya fito da wata 'yar ƙaramar rediyo, irin ta masu shayi, murfin batirinta ɗaure da roba, ya ajiye a kan taga. Ya yi mana bayani cewa su ba a ɗakin ɗaukar murya suke yanke hukunci ba, domin a can kowa daɗin ji gare shi. Mai gwaji zai karanta a ciki, a jona muryar ta fito ta wannan rediyo, ga ƙarar titi, ga batir ya yi sanyi, tunda haka mai sauraro yake ji a shago ko a gona. Sannan sai ya tambayi duk mai jin Turanci a barandar abin da ya ji.

Aka kira Auta. Ya tashi ya shiga. Can sai muryarsa ta fito, ga taushi ga nutsuwa, kamar dai London ɗin aka kamo. Amma wallahi ban da "gwamnatin jiha" da wani abu mai kama da taki, ban tsinci komai ba. Wata tifa ta wuce ta tafi da sauran. Ya fito yana gyara taye, dattijon ya biyo shi, ya dubi baranda, kuma duk mutanen nan sai idonsa ya sauka a kaina.

"Malama, an ce ke ma'aikaciyar asibiti ce. Me labarin ya ce?"

Auta ya zuba mini ido. Zan iya cewa na ji komai, kuma na so in faɗi haka, domin tausayinsa ya cika ni. Amma tambaya ta gaba ita ce in faɗi abin da na ji, sannan ko na tsallake wannan, ba ni zan bi shi kowane shago in yi bayani ba.

"Ranka ya daɗe, ƙanena ne," na ce. "Muryar ta yi daɗi, amma ban ji labarin ba."

Auta ya sunkuyar da kai, ni kuma na ji kamar na mare shi a kasuwa. Dattijon bai yi dariya ba. Ya juya ya yi masa 'yar magana da Turancin London wanda ko a rediyo ban taɓa jin mai tsabtarsa ba, sannan ya dawo Hausa ya ce shi ma yana da irinsa, yana son abinsa, amma na karɓar baƙi ne. Ya yaba wa Auta yadda yake jan numfashi da tsayawa inda ya dace, ya ce wannan kam sauraron London ne ya koya masa, kada ya yar. Sai ya tambaye shi ko in yana koyarwa ɗalibin da ke ƙarshen aji yana jinsa.

"Yana ji, ranka ya daɗe."

"To koma ka karanta masa."

Auta ya cire kwat ɗin ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya koma ciki. Wannan karon muryar da na sani ce ta fito, ta malamin firamare, baki a buɗe, kowace kalma da ƙafafunta. Na ji an ce taki ya iso, za a fara rabawa a ƙananan hukumomi, kuma ana kiran iyaye su kai yara rigakafin ƙyanda. Bas ta wuce tana hon, ban rasa ko kalma ba. Wani tsoho da ya rako 'yarsa ya tambaye ni ko da gaske takin ya iso.

Ba a ba shi aikin kai tsaye ba. An ɗauke shi na gwaji, zai riƙa karanta gajerun sanarwa na wasu watanni, in ya riƙe sai a tabbatar da shi. Kawu ya ce ya zauna wurinsa. Duk hanyar komawa Hayin Banki yana ta cin magani, ni ma ban matsa ba. Sai washegari a tashar Kawo, bayan ya sa mini jaka a but, ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, jiya na so in shaƙe ki." Na ce na sani. Ya ciro kwalin man zafin nan ya ajiye mini a cinya, ya ce in kai wa Inna, shi murarsa ta warke.

Ni kaɗai na dawo, da burodin Kaduna da atamfar da matar Kawu ta ba Inna, ruwa na dukan mota tun daga Jaji har Funtuwa. Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan shi ne, Turancin da muke yi wa juna dariya a kai duk yana kai saƙo, kuma koyon na wasu ba laifi ba ne muddin mutum bai ɓace a ciki ba.

Ranar da aka ce zai fara, ban gaya wa Inna ba. Na dai kunna rediyo a tsakar gida tana tsince shinkafa. Aka gama kiɗa, aka fara sanarwa da Turanci. Hannunta ya tsaya cak a cikin faranti, ta karkata kai, har aka kai ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta goge ido da bakin zane.

"Ban san mi yake cewa ba," ta ce, "amma wanga kam nawa ne."