Kibiyoyin Dakta Haliru

Har gobe ban manta da Larabar da Dakta Haliru ya zo karɓar duwatsunsa a kamfaninmu na tarazo, wato daɓen dutse mai sheƙi, da ke Sharada ba. Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina ofareta a kan injin yankan dutse, shekarata tara a wurin. Ku da kuka shigo aikin a bayanmu kun sha jin labarin guntu-guntu a bakin waɗanda ba a gabansu aka yi ba. Yau ku ji shi daga wanda yake wurin.

Tsarinmu a lokacin haka yake: dutse ya shigo wurina in yanka, ya wuce wurin masu goga su sulɓe shi har ya yi sheƙi, sannan manajan aiki ya duba ya sa hannu a takardar fita. In ba sa hannun nan, maigadi ba zai buɗe get ba. Akwai kuma dokar da muke tinƙaho da ita: ba kayan da zai fita da alli ko tawada a jikinsa. Manajan aikin wani Sabo ne. Kwas ɗin sati shida ya je ƙasar waje, ya dawo da naktaye uku da sabuwar tafiya, ya ce daga ranar a riƙa ce masa Injiniya. Ko matarsa in ta bugo waya, Injiniya take tambaya.

Dakta Haliru malamin jami'a ne, masanin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Zarton ɗakin gwajinsu ya lalace, shi ya sa ya kawo mana aiki. Akwatunan katako biyu ya sauke, cike da duwatsun da aka huda aka ciro, kowane kamar gaɓar rake. A jikin kowanne akwai lamba da doguwar kibiya da aka zana da jar tawada. Maimakon ya bar saƙo a ofis ya tafi, sai ya jawo bulo ya zauna kusa da injina.

Ya ce, "Malam Garba, ka san kamfas ɗin da alhazai ke dawowa da shi don gane alƙibla? To akwai irinsa a cikin dutsen nan. Lokacin da yake narkakke, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen da ke ciki duk sun juya sun fuskanci arewar wancan zamanin. Da ya daskare suka tsaya a haka. Ita kuma ƙasar da muke kai tafiya take yi a hankali. In na auna inda ƙwayoyin suka fuskanta, zan gane inda Kano take a lokacin."

Na ce, "Kanon ce ke tafiya, Dakta?"

Ya ce, "Da ni da kai da injinka."

Sannan ya nuna min kibiyar. Tun dutsen yana manne da uwarsa yake zana ta, don ya san yadda yake kwance kafin a ɓalle shi. Aikina in yanka kowanne gunduwa-gunduwa, inci ɗaya-ɗaya, in mayar wa kowace gunduwa lambarta da kibiyarta nan take. Ya ce, "Kibiyar nan ita ce aikin. In babu ita, tsakuwa na kwaso."

Rani uku ya yi yana tara su, daga wata jijiyar baƙin dutse a jikin wani tsauni can gaba da Challawa. Masu fasa dutse sun riga sun tashi wurin da nakiya, jijiyar ta zama tsakuwar shimfiɗa kwalta, ba inda zai koma ya ɗebo wasu. Saura sati biyu kuma ya tafi da su ƙasar waje inda na'urar awon take.

Litinin da Talata na yi ina yanka, ina zana kibiya kamar mai rubutun allo. Bayan la'asar ɗin Talata Sabo ya sauko dubawa. Ya ɗauki gunduwa ɗaya da yatsu biyu, yana yamutsa fuska.

"Wannan wace irin ƙazanta ce? Kayan kamfanina zai je Turai da zane-zane kamar bangon firamare?"

Na ce, "Yallaɓai, Dakta ya ce kada a taɓa kibiyoyin. Su ne aikin."

"Dakta ya san dutse, ni na san finishin. Alamar yanka ce ya yi maka don kada ka kauce. An gama yanka, amfaninta ya ƙare. Ka goge su, gefe da baki."

Na fara yi masa bayanin ƙwayoyin ƙarfe. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce, "Garba, a aji nawa ka tsaya a makaranta?" Ya juya ya dubi get, inda masu neman aiki ke layi kowace safiya, ya ce in na gaji in faɗa masa.

A nan zan gaya muku abin da masu ba da labarin ke tsallakewa. Gunduwoyin sun yi wa babban injin goga ƙanƙanta, sai da hannu a kan ƙaramin faifai, kuma ni kaɗai na iya. Janar manaja yana ofishinsa a sama, matakala goma sha biyu ce tsakaninmu. Dakta ma ya riga ya kwatanta min gidansa a Nassarawa, ga kekena a jingine. Ban hau matakalar ba, ban hau keken ba. Na kunna faifai na goge su ɗaya bayan ɗaya, na kuma yi aikin da kyau, don hannuna bai saba da aikin banza ba.

Ranar Laraba Sabo ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a teburinsa, ya jera duwatsun da kansa, masu duhu gefe guda, masu haske gefe guda, don a cewarsa ido ya fi son haka. Ya aika aka sayo lemo. Ya kira ni in tsaya a bakin ƙofa, wai in koyi yadda ake miƙa aiki.

Dakta ya shigo da fara'arsa. Ya ɗauki gunduwa ɗaya ya juya ta, ya sake juyawa, ya ɗauki wata. Sai ya nemi kujera ya zauna, ya yi salati a hankali.

Sabo ya ce, "Wannan ƙari ne daga gare mu, Dakta. Haka muke aiki a nan." Sannan ya ƙara da cewa, "In kibiyar ce damuwarku, a kawo alƙalami a sake zanawa. Minti goma ne."

Ko kallonsa Dakta bai yi ba. Ni ya duba. Ya ce, "Gogar ta yi kyau. Hannun wa ne?"

Na ce, "Nawa ne, Dakta. Umarni aka ba ni."

Ya ce, "Shi ban yi masa bayani ba, Malam Garba. Kai na zauna da kai."

Ya tashi ya fita, bai ɗauki ko ɗaya ba.

Sabo ya yi wata guda yana gaya wa kowa cewa 'yan jami'a ba su san godiya ba. Duwatsun kuwa ya raba wa ofisoshi ana danne takardu da su. Bayan shekara biyu aka yi masa ƙarin girma zuwa reshenmu na Bompai, ya je can ya ci gaba da koya wa mutane aikinsu. Dakta Haliru na ji an ce tafiyar ta fasu, daga baya ya bar binciken gaba ɗaya, ya koma nemo wa masu haƙa rijiyar burtsatse inda ruwa yake. Ban ƙara ganinsa ba, kuma ban nema ba, don kunya.

Irin su Sabo ba sa ƙarewa a masana'anta, za ku same su a kowane get kuka shiga, kuma ban hana ku yi musu dariya ba, ni ma har yau ina yi. Amma ku riƙe wannan: jahilin manaja ba ya iya ɓata komai shi kaɗai, sai ya samu gwanin da ya san gaskiya kuma yake tsoron tsayawa a kanta. Ranar nan ni ya samu.