Wasiƙun Baba a tablet ɗin Inna

Jiya ina kwafar wa mahaifiyata dosiye, wato fayiloli, daga ordinatar (kwamfuta) zuwa tablet, don gobe za ta bar Matameye ta koma ƙauye, can kuwa babu rezon intanet.

Na sa mata hotunan jikoki da takardun gona. Na tsallake wasiƙun da marigayi Baba ya riƙa aiko mata daga ci-rani a Kano, waɗanda na ɗauka a hoto.

Ta ce, "Ina na Malam?"

Na ce, "Inna, wa zai karanta miki a can?"

Ta harare ni. "Wa ya ce maka karatu zan yi? Rubutun hannunsa nake son gani."

Na zuba mata su duka.

Ku fa, rubutun wa kuka kasa zubarwa?