Furen Madam da Butar da Babu Ruwa

Shekarun da nake gadin wata imara, wato dogon benen haya, a unguwar Shisha can ƙasa mai tsarki, bakina ne ya jawo mini aikin lambu. Duk wanda ya zauna a bencina sai ya sha labarin gonarmu ta gida, kuma kowace shekara gonar ƙara faɗi take yi. Alhali noman nan gudunsa na yi, kamar yadda na gudu daga makaranta tun ban iya haɗa baƙi ba.

Matar mai imarar, Madam muke ce mata, ta dawo hutu daga Turkiyya da wani tsiro a tukunya. Ganye ne kawai, toka-toka, mai gashi-gashi. Ta ce a can filayen kiwo cike suke da shi, furensa shunayya ne, kuma kowace shekara daga saiwa yake sake tohowa. Ta dire shi a gabana, ta kira ni ammi, wato baffa, kamar yadda ta saba.

"Ya ammi, an ce kai manomi ne. Mijina yana son ya kawo saurayi ya haɗa gadi da lambu. Na ce a dakata. In wannan ya yi fure, ka zauna."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni kuwa nawa ya tashi. Mijin nan shi ne kafilina, mai tsaya mini a ƙasar, ikamata, wato takardar izinin zamana, a hannunsa take, haka ɗakin ƙarƙashin bene da muke ciki ni da matata Hajiya. Da furfurar nan wa zai ɗauke ni?

Sai na shiga yi wa tsiro hidima kamar suruki ya zo baƙunta. Na je har unguwar Zahir na roƙo takin tumaki. Ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki na riƙa tarawa a bokiti, safe da yamma ina ɗura masa. Ranar Juma'a har zamzam nake ɗan tsiyaya masa. Shi kuwa ɗan banza sai langaɓewa yake, ganye ya yi rawaya, gindi ya fara wari.

Wata safiya Hajiya ta fito shanya, ta tsinki ganyen, ta tauna, ta tofar.

"Malam, wannan ai ɗan'uwan dayi ne."

Dayi fa, ƙayar nan mai ɗaci da ke fitowa a fako, abincin raƙuma.

"Ke Hajiya, a jirgi aka kawo shi."

"Kai ma a jirgi aka kawo ka, me ya canza? Ka taɓa ganin wanda ya ba dayi taki? Gata ne ke kashe shi. Da ka tsaya a gona da ka sani."

Sai na bi maganarta. Na zazzage tukunyar, na yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, na aske ganyen har ƙasa. Na ɗebo yashi da tsakuwa a inda ake gini bayanmu, na ƙara huda gindin tukunyar, na ajiye ta inda ranar safe ke samunta, inuwar bene ta rufe ta kafin azahar. Ruwa kuwa, sai na tura yatsa ya fito a bushe ƙamas, sannan ɗan kaɗan.

Matsalar ita ce tagar Madam tana kallon ƙofa. Da ta ga safiya ta wuce ban yi ban-ruwa ba sai ta leƙo: "Ya ammi, moya!" Wato ruwa. Na so in yi mata bayani, amma Larabcina na sayen burodi ne da tsayar da tasi. Abin da ta fahimta shi ne bayana ke ciwo.

To, sai na samo dabara. Kullum da safe in fito da buta wayam, in juya wa taga baya, in karkata ta a kan tukunya, har da ɗan nishi kamar mai nauyi. Madam ta gamsu.

Ni ne ban gamsu ba. Tukunya dai babu komai sai kututture. Wata rana mai imarar ya zo da wani saurayi ƙaƙƙarfa yana nuna masa mashigar gida, saurayin har da leƙa ɗakinmu. Hajiya ta fara ɗaure kwanukanta a zani. Hannuna ya riƙa ƙaiƙayi, zuciyata tana cewa zuba masa ruwa ko Allah zai sa. Na tona gefe a hankali, na taɓa saiwar, na ji ta da ƙarfi. Na mayar da yashin, na zauna a kan hannuwana.

Da zafi ya karye, wasu 'yan kunnuwa kore suka leƙo. Suka yi ganye, ganye ya yi kara, kan karan ya yi wani ƙulli mai ɓawo-ɓawo. Ƙullin nan ya ja mini rai har na fara yi masa magana da Hausa, ba duka ce mai daɗi ba. Ranar da ya buɗe, sai ga tuntu shunayya kamar na hular dara.

Madam ta sauko da kanta, ta ɗauki hoto ta gaba, ta ɗauka ta gefe. A makon nan mai imarar ya karɓi ikamata ya kai sabuntawa, saurayin kuma aka tura shi wani gidan nasu.

Hajiya ta kwance kwanukanta, ta fito ta sunkuya a kan furen.

"Duk wahalar nan, ko ƙamshi babu."

Na shinshina. Gaskiyarta.