Rijiyar da Baba Ya Ƙi Shiga

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da Baba ya ƙi shiga rijiyar da babu ita ba.

Lokacin ina karatun injiniyan ruwa daga gidanmu a Dungas. Malamai na can birni, mu muna bin darasi ta waya idan rezo, wato sabis ɗin waya, ya ga dama. Da aka zo aikin hannu sai aka ba mu aron wani abu kamar ƙaton tabarau, kas muke ce masa. Kana ɗaurawa sai ka gan ka a bakin rijiya, ga akwatin kayan aiki, ga famfo can ƙasa yana jiran gyara. Sau uku aka yarda ɗalibi ya gwada. Na shiga sau biyu, kuma ina kai rabi sai komai ya yi baƙi, a rubuta mini na faɗi. In na ƙara faɗuwa, shekarar ta tafi. Na bi lissafina kaf, ban ga kuskure ba.

Baba ya yi shekaru yana haƙar rijiya daga nan har Waca, amma ban taɓa tambayarsa komai ba. Gaskiya kunyar sana'ar nake ji. Ko a takardun lakwal, wato makaranta, manomi nake rubutawa a gurbin sana'arsa.

Wata la'asar ya same ni a tsakar gida ina ta lalube a iska. Ya ce, "Ke, wai me kike kamawa ne? Ba ni in gani."

Ya cire hula na ɗaura masa. Na ce, "Baba, don Allah kar ka taɓa igiyar, gwajina na ƙarshe ke nan."

Ya yi bisimilla, ya leƙa, har da dafa gwiwa. Can ya ce, "Ko ba ki hana ni ba, wa zai shiga wannan? Ina fitila?"

"Ai da haske a ciki, Baba."

"Ba don haske ba, 'yar nan. Fitila ake fara zurawa. In ta mutu, iskar ƙasa ta ɓaci, kai ma kana sauka za ka bi ta."

Ashe sau biyu ina mutuwa ban sani ba! Na karɓi kas, na tona akwatin, sai ga na'urar auna iska a ƙasan kaya, wadda nake turewa gefe don sauri. Na zura ta, ta hau kuka. Na kunna injin hura iska, na jira ta yi shiru, sannan na sauka. Na ci gwajin.

Daga ranar na gane cewa ilimin da nake jiran rezo ya kawo mini, wani sashensa na zaune a tabarmar gidanmu. Da takardar kammalawa ta tambayi sana'ar mahaifi, da manyan baƙi na rubuta: mai haƙar rijiya.