Bencin Aro

Babana ne ke riƙe da makullin sito a makarantarmu, wata sakandaren gwamnati a kan hanyar Garatu. Shi ya sa ban taɓa yin laifi a ɓoye ba, kafin in gama tsokanar mutum labari ya riga ni isa sito. Amma a satin da aka ce masu binciken kayan gwamnati za su zo, ko makarantar na cinna wa wuta ba na jin Baba zai lura.

A bakin Umma na ji dalili, tana gaya wa ƙanwarta a kicin. A takarda, ɗan kwangila ya kawo wa makarantar benci ɗari biyu. A ido kuwa sittin ya sauke. Firinsifal ya ce sauran suna hanya, ya matsa wa Baba ya sa hannu cewa ya karɓi duka. Shekara guda ke nan suna hanya. Saura wa Baba shekara uku ya yi ritaya, in aka kore shi fansho ya tafi.

Ana gobe za su zo, wata babbar mota ta shigo cike da bencuna. Firinsifal ne ya aro su daga firamaren wani abokinsa, aka sa mu 'yan manyan aji saukewa. Da hannu ɗaya na ɗauki biyu, na tambayi abokina ko na 'yan tsana ne. Firinsifal ya ji, ya yi mini kallon da ya sa na haɗiye sauran maganar. Aka shafa musu fenti irin na namu, aka jera su a bayan kowane aji. Ya ce gajeru su zauna a baya, dogaye a gaba kan na gaske, domin masu bincike daga bakin ƙofa suke ƙirge, su sha lemo su tafi.

Ni kuwa a ajinmu ba wanda ya kai ni tsawo. Ni nake gaya wa mutane ko hadari ya taso. Washegari na tsaya layin ƙosai, na makara. Ina shiga na tarar gaba ta cika, ga ƙarar takalma a baranda. Na ruga baya na cusa kaina cikin bencin da ya rage. Gwiwoyina suka zo daidai kunnuwana.

Mace ce shugabar masu binciken, 'yar gajeriya mai gilashi, da tef ɗin awo rataye a wuya kamar tela. Firinsifal yana gefenta yana murmushi, Baba yana bayansu rungume da littafin sito. Ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta bi layi tana taɓa kowane benci, tana ƙirgawa a hankali, har ta iso kaina. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in miƙe.

Na miƙe, benci ya miƙe tare da ni. Da wata rana ce ba wannan ba, da ajin ya fashe da dariya har a jiyo mu a Kasuwar Kure. Da ƙyar na zare ƙafafuna. Ta auna bencin, ta duba awon da ke takardar kwangila, ta sake aunawa. Ta goga yatsa a ƙafarsa, fenti ya biyo ta.

"Yaro, tun yaushe kake zama a wannan?"

In na ce tun bara, ta riga ta ga fentin. In na ce yau, na kashe Baba da bakina. Firinsifal ya kafe ni da ido. Na dubi Baba.

"Ranki ya daɗe, ƙyale yaron," in ji Baba. "Ɗana ne. Sittin na karɓa, ɗari biyu na sa wa hannu."

Firinsifal ya fara bayani da Turanci, ta ɗaga masa hannu. Ta karɓi littafin da makullin, ta ce wa Baba ya biyo ta ofis, shi kaɗai.

Wata biyu Baba yana gida, an dakatar da shi. Sau uku ana kiransa ya maimaita bayaninsa. Ni ma na yi laushi, har Umma ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne. A wata na biyun aka ɗauke firinsifal, motar ɗan kwangila kuma ta gano hanyar makarantarmu da ragowar bencin.

Takardar Baba ta zo daga baya. Gargaɗi mai zafi, da canjin wurin aiki zuwa wata makaranta mai nisa, amma aikinsa yana nan, fansho ma haka. Na raka shi miƙa sito ga wanda ya gaje shi. Mutumin ya ciro biro zai sa hannu su rabu, Baba ya riƙe takardar, ya ce sai sun bi aji aji tukuna. Tsakar rana suka fara. Har aka kira la'asar ina zaune a kan babur ɗin Baba, ina jiyo su suna ƙirga benci.